Ina manhaja za ta ajiye saitin kowane malami? Windows uku, makaranta ɗaya

Auwalu (ƙauye kusa da Ringim): Assalamu alaikum. 'Yan uwa ina neman shawara, don abin ya tsaya mini a rai. Tun ina difloma na rubuta wata 'yar manhaja ta haɗa sakamakon jarrabawa da yaren rubuta manhaja na Visual Basic 6, wato VB6. Da na dawo gida na fara koyarwa sai makarantarmu ta karɓe ta. Malami ya shigar da makin gwaji da na jarrabawa, ita ta tara, ta fitar da na ɗaya da na biyu, ta buga kati. Akwai ɗan fayil mai suna saiti.ini da na ajiye gefenta a cikin Program Files. A ciki ake rubuta ajin da malami yake riƙe da shi, da zangon karatu, da firinta, da girman rubutu, da makin da ake cewa yaro ya ci.

Kwamfutocinmu uku ne. Ta tebur a ofishin shugaban makaranta tana kan Windows XP, laftof ta jarrabawa tana kan Windows 7, sai wata sabuwa mai Windows 11 da tsofaffin ɗalibai suka haɗa kuɗi suka saya mana. Na kwafe foldar manhajar gaba ɗaya daga ta 7 na kai sabuwar. Ta buɗe lafiya. Sai da muka buga katin aji guda cur sannan wani malami ya lura makin ci ya koma 40, alhali tun bara waccan muka mayar da shi 50. Yara bakwai kati ya ce sun ci, kuma ba su ci ba. Takarda ta tafi, tawada ta tafi, man janareta ya tafi. Allah Ya sa ba a raba ba.

Na biyu kuma, na fara sake rubuta ta da wani yaren, C#, amma sabuwar manhajar ko ajiye saitin ba ta yi, sai ta ce an hana ta izini. To ina ya kamata in ajiye wannan fayil ɗin, wurin da zai yi aiki a duka ukun?

Injiniya Bashir (Bichi): Wa alaikumus salam. Malam Auwalu, fayil ɗinka mai 50 yana nan bai ɓata ba. Buɗe laftof ta 7, ka shiga C:\Users, ka shiga sunan asusun, sai AppData, sai Local, sai VirtualStore. AppData ɓoyayyiya ce, sai ka sa a nuna ɓoyayyun foldoji ko ka rubuta hanyar da hannunka. Duba ka dawo mana.

Auwalu: Ikon Allah! Ga shi nan. Akwai wata Program Files a ciki, da foldar manhajata, da saiti.ini, kuma 50 ne a ciki. Wa ya kai shi nan, Injiniya? Ni dai ban taɓa rubuta wannan hanyar ba.

Injiniya Bashir: Windows ce ta kai shi. A zamanin XP kusan kowa da asusu mai cikakken iko yake aiki, don haka manhaja ta rubuta duk inda ta ga dama, babu mai ce mata kanzil. Da Vista ta fito a 2007 aka tsaurara. Ko kai ne mai cikakken iko, manhajarka da ƙaramin izini take tashi, kuma Program Files wurin karantawa ne kawai gare ta. To tsofaffin manhajoji da yawa da sun mutu rana ɗaya. Sai aka yi musu dabara: idan tsohuwar manhaja mai bit 32, wadda ba ta bayyana irin izinin da take buƙata ba, ta zo rubutu a Program Files, sai a karkatar da rubutun zuwa VirtualStore na wannan asusun, a ce mata an rubuta. In ta zo karantawa ma daga can za a ɗauko mata. Ita ba ta san an yi ba. Kai kuma da ka zo kwafa, ainihin fayil ɗin ranar farko ka ɗauka, mai 40.

Ta C# ɗin kuwa, Visual Studio, manhajar da ake haɗa ta da ita, yana liƙa mata bayanin izini tun wajen haɗawa, don haka Windows tana ɗaukar ta a matsayin wadda ta san doka. Ba a yi mata wannan rangwamen, sai a hana ta kai tsaye. Ni a wurina sabuwar ta fi yi maka adalci, tunda ta faɗa maka gaskiya.

Nura (Dutse): Mafita mai sauƙi ce ai. Danna dama a kanta, ka buɗe ta da cikakken iko. Shi ke nan.

Injiniya Bashir: A'a Nura. Don a gyara girman rubutu sai a miƙa wa manhaja makullin gidan duka? Kuma duk malamin da ya manta ya buɗe ta haka, matsalar ta dawo.

Baba Idi (Ɗambatta): 'Ya'yana, bari in sa baki. Na fara taɓa kwamfuta a ofis lokacin Windows 3.1. A wancan lokacin kowace manhaja fayil ɗin INI take zubawa a foldar Windows, wasu ma cikin WIN.INI kansa suke cusa nasu. Babu zancen wane da wane, kwamfuta ɗaya saiti ɗaya. Da Windows 95 ta zo aka ce kowa ya koma rijista, wato ma'ajiyar saiti ta Windows kanta. Abin da nake so ku lura da shi, reshen nan na HKEY_CURRENT_USER, mai riƙe saitin mai asusu, sunansa bai canza ba tun daga lokacin har yau. Foldoji sun yi ƙaura, shi yana inda yake. Auwalu, a Visual Basic ɗin da ka yi aiki da shi akwai SaveSetting da GetSetting, layi ɗaya ne, kuma can suke ajiyewa, ƙarƙashin VB and VBA Program Settings. Da su ka kama tun farko da ba ka ga wannan rana ba.

Malam Habu mai gyara (Gumel): Baba, Allah Ya ƙara lafiya, amma ni rijistar nan ba na ƙaunarta, kuma zan faɗi dalili. Ni ake kawo wa kwamfuta in ta ƙi tashi. Mutum ya zo daga ƙauye a kan babur, ya ɗaure laftof a cikin buhu saboda ƙura, yana so ya koma kafin magariba. In cire faifan, in jona shi a tawa, in kwashe masa abin da yake gani da ido: takardu, hotuna, abin da ke kan fuskar allo. Fayil zan iya kwafa. Rijistar mutum kuwa tana dunƙule cikin NTUSER.DAT, sai na ɗora ta a regedit, manhajar buɗe rijista, na bi reshe-reshe ina neman abin da shi kansa mai kwamfutar bai san sunansa ba. Wa yake da wannan lokacin? Gaskiya ita ce ana yin fomatin ta tafi. Fayil ɗin rubutu kuwa ko a waya zan ce wa mutum buɗe da Notepad ka karanto mini.

Baba Idi: Ka yi gaskiya ta fuskar sana'arka. Ni ta fuskar mai rubutu na duba.

Injiniya Bashir: Dukansu halas ne, rijista ko fayil. Ni ma fayil zan zaɓa saboda dalilin Malam Habu. Abin da ya rage shi ne wurin. A XP, wurin saitin mutum shi ne C:\Documents and Settings, sai sunansa, sai Application Data. Daga Vista zuwa 11 ya koma C:\Users, sai sunansa, sai AppData\Roaming. Akwai kuma na biyu, wanda a XP yake Local Settings\Application Data, yanzu kuma AppData\Local. Na kowa da kowa, wanda a XP yake ƙarƙashin All Users, ya zama C:\ProgramData.

Amma kada ka rubuta ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan a kod ɗinka. Kada ka ce in XP ce bi nan, in 7 ce bi can. Tambayi Windows ɗin da kake kanta, ita ta san gidanta. A C# kira ɗaya ne, Environment.GetFolderPath, ka ba shi SpecialFolder.ApplicationData. A XP zai ba ka tsohuwar hanya, a 11 ya ba ka sabuwa, kod ɗinka bai motsa ba. Sai ka buɗe foldarka a ciki da sunan manhajar. Masu C++ suna da SHGetFolderPath wanda yake aiki har a XP, da SHGetKnownFolderPath wanda sai daga Vista.

Malam Habu mai gyara: Wannan magana ta Injiniya ku riƙe ta da kyau. Yawancin kwamfutocin da ke hannun mutanenmu 'yan Beljiyam ne. Na sha buɗe wadda ta zo da XP ta Jamusanci, babu Documents and Settings a cikinta sam, Dokumente und Einstellungen ne, Program Files kuma Programme. Wanda ya rubuta hanya da hannu, a nan manhajarsa za ta durƙushe. Kuma ba kullum Windows take zama a C ba.

Nura: To ai ba sai an kira wani dogon suna ba. A karanta %LOCALAPPDATA% kawai, gajeren sunan da Windows take nuna hanyar Local da shi.

Injiniya Bashir: A XP babu shi, Nura. %APPDATA% yana nan a XP, amma %LOCALAPPDATA% sai daga Vista. In ka karanta shi a kwamfutar shugaban makaranta ba za ka samu komai ba, sai manhajar ta jefa fayil a duk foldar da ta tsinci kanta.

Auwalu: Na gane. To tsakanin Roaming da Local fa, wanne?

Injiniya Bashir: An yi Roaming don manyan ofisoshi masu uwar garke, wato babbar kwamfutar da sauran suke jone da ita, inda ma'aikaci zai zauna a kowace kwamfuta ya shiga da sunansa, saitinsa ya biyo shi. Abin da ya shafi mutum, kamar harshe da girman rubutu, nan ne wurinsa. Abin da ya shafi na'urar kanta, kamar sunan firinta ko inda taga take tsayawa a allo, Local. A makarantarku babu uwar garke, don haka duka biyun a kan faifai ɗaya za su zauna, babu mai tafiya ko'ina. Amma raba su bai ci maka komai ba.

Malama Zainab (Kazaure): Sallama gare ku. Ni ba na rubuta manhaja, jami'ar jarrabawa ce ni, kuma tun safe nake bin zancen nan. Ku yi mini afuwa, amma ina ga kun tsallake abu mafi girma. Kuna ta cewa foldar kowane mutum, foldar kowane mutum. Malam Auwalu, asusu nawa ne a laftof ɗinku?

Auwalu: Ɗaya ne, Malama. Sunansa ma User, yadda mai shago ya sa.

Malama Zainab: To ka gani. Mu ma haka ne, kuma duk makarantar da na shiga a yankinmu haka ne. Malamai goma sha, asusu ɗaya, kalmar sirri in ma akwai kowa ya san ta har masinja. Laftof tana kwana a durowar ofis, da safe wanda ya riga zuwa shi ya ɗauka. A wurin Windows mu duka mutum ɗaya ne. To in ka kai fayil ɗin can AppData, me ya canza a wurina? Malamin lissafi idonsa ya yi rauni, ya ƙara girman rubutu, ya bar ta a aji uku. Ni in zo bayansa ina sauri, ban duba sama ba, in zuba makin 'yan aji ɗaya a kan sunayen 'yan aji uku. Ya taɓa faruwa da ni da wata manhajar, na kwana biyu ina bin takardun amsa ɗaya bayan ɗaya ina gyarawa da fitilar waya. Abin da nake so shi ne in na zauna manhajar ta san ni ce, ba wanda ya tashi ba.

Nura: Sai a buɗe wa kowane malami asusunsa na Windows. Haka tsarin yake.

Malama Zainab: Ƙanena, haka tsarin yake a littafi. Ka buɗe asusu goma sha biyar, sati biyu rabi sun manta kalmar sirri, sauran sun koma shiga da na mutum ɗaya. Sannan a kai ta gyara ta dawo da User guda. Ba raina malamai nake yi ba, ni ma cikinsu nake. Mutumin da yake taɓa kwamfuta sau uku a shekara, ƙarshen kowane zango, ba za ka ɗora masa wannan ba.

Injiniya Bashir: Malama ta fi ni gaskiya a nan, na karɓa. Na amsa tambayar da aka yi, ban duba gidan da za a kai amsar ba. In haka ne, Malam Auwalu, saitin malami ba a foldar Windows zai zauna ba. Manhajar ta tambayi suna tun a ƙofa, ko da jerin sunaye ne mutum ya zaɓi nasa ya sa lamba huɗu. Sai ajinsa da girman rubutunsa su zauna a cikin rumbun bayanan, inda sunayen yara da makinsu suke, gefen sunansa. Riba ta biyu, duk kwamfutar da aka kai rumbun, saitinsa ya bi shi, ko XP ce ko 11.

Sadiya (Wudil): Ni ma akwai abin da ya tsaya mini tun saƙon farko. Yaya Auwalu, makin ci ba saiti ba ne. Girman rubutu in ya ɓata, mutum ya gyara ya wuce. Makin ci kuwa hukuncin makaranta ne, an zauna an yanke. Bai kamata ya kwana a fayil ɗaya da sunan firinta ba, kuma bai kamata kowane malami ya iya taɓa shi ba. Ka sa shi a rumbun bayanai, kuma ka ɗaure shi da zango. Zangon da aka yi da 40 ya zauna da 40 ɗinsa har abada. In ba haka ba, ranar da tsohon ɗalibi ya zo neman sakamakonsa na shekara huɗu baya, manhajar za ta auna shi da ma'aunin yau, ta kayar da wanda ya ci.

Auwalu: Innalillahi. Wallahi Sadiya haka take yi yanzu. Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Akwai waɗanda muka sake buga wa kati bara, dole in je in duba.

Baba Idi: Je ka duba, ɗana, kuma ka faɗa wa shugaban makaranta da bakinka. Haƙƙin yara ne.

Auwalu: In sha Allah gobe da safe, Baba. To yanzu tambayar ta koma kan rumbun kansa. Shi a ina? ProgramData, tunda na kowa ne?

Injiniya Bashir: Zai yiwu, amma da tarko. A ProgramData ƙaramin asusu yana iya ƙirƙirar fayil, sai dai wani ƙaramin asusun daban karantawa kawai zai iya, ba zai iya gyara shi ba. Da asusu ɗaya ba za ka gani ba, sai ranar da aka ƙara na biyu. Maganinsa, manhajar girkawa ta buɗe foldar ta ba duk masu amfani izinin gyara tun ranar farko. Ko ka yi amfani da takardun gama-gari, wato C:\Users\Public\Documents, wanda C# yake kira CommonDocuments. Shi a fili yake, ana ganinsa.

Malam Habu mai gyara: Injiniya, duk waɗannan a C suke. Ni kuma ina gaya muku, C ba wurin ajiyar dukiya ba ne a ƙasar nan. C shi ake sharewa. Ƙwayar cuta ta shiga ta filashi, fomatin. Ta yi nauyi, fomatin. Yaro ya koyi girka Windows jiya, yau yana neman inda zai gwada, fomatin. Mu masu gyara mun saba raba faifai biyu, mu ce wa mutum kayanka a D. Ko wanda bai iya komai ba ya san kada a taɓa D. ProgramData ɓoyayyiya ce kamar AppData, mai gyara da ke sauri ba zai ma tuna da ita ba. A sa a D a huta.

Injiniya Bashir: Malam Habu, ka dawo da mu inda muka baro. D a kwamfutarka rabin faifai ne. A wata kwamfutar D wurin saka faifan CD ne. A sabuwar laftof da ba a raba ba, D shi ne duk filashin da aka fara sokawa. Ka ga ranar nan sakamakon makaranta zai tafi a aljihun wani.

Malam Habu mai gyara: To a raba faifan kafin a girka. Aikin minti goma ne.

Injiniya Bashir: Kai za ka raba. In wata makaranta a Gwiwa ko Birniwa ta karɓi manhajar, wa zai raba musu?

Malam Habu mai gyara: Su ma suna da mai gyara, Injiniya. Ku mutanen birni kuna rubutu kamar kwamfuta za ta shekara biyar ba a taɓa ta ba. Ni abin da nake gani a teburina nake faɗa. An sha kawo mini mutum yana kuka da hawaye a kan aikin shekara uku, ni kuma ba abin da zan iya.

Sadiya: Ku tsaya, ai maganarku ba ta saɓa ba. Kada manhajar ta zaɓa, ta tambaya. Ranar farko ta ce, ina za a ajiye bayanan makaranta? Ta kawo takardun gama-gari a matsayin shawara, in kuma ta ga wani rabin faifai na cikin kwamfutar, ba filashi ba, ta nuna shi. DriveInfo yana bambance kafaffen faifai da mai cirewa. Abin da mutum ya zaɓa sai a rubuta hanyarsa a ɗan fayil a AppData. Ɗan fayil ɗin nan alama ce kawai mai nuna inda rumbu yake. In an yi fomatin alamar ta tafi, rumbu yana nan.

Sai dai abu ɗaya, kuma shi ne mafi muhimmanci a wurina. In manhajar ta tashi ba ta ga alama ba, ko ta bi alamar ba ta tarar da rumbu ba, kada ta yi shiru ta buɗe sabon rumbu fanko. Ta tsaya ta ce da Hausa, ban ga bayananku ba, nuna mini inda suke, ko kuwa sabuwar makaranta ce? In ta buɗe fanko, malami zai ɗauka komai ya tafi, ya fara shigarwa daga farko, a wayi gari da rumbu biyu kowanne da rabin gaskiya.

Malam Habu mai gyara: Wannan na yarda da shi.

Injiniya Bashir: Ni ma. Ƙari ɗaya: faifan waje mai jonawa ta USB yakan nuna kansa a matsayin kafaffe, don haka a nuna wa mutum girman faifan da sunansa kafin ya amince.

Nura: Don ɗan fayil ɗin, ai C# yana da nasa a shirye, Properties.Settings. Ba sai ka rubuta komai ba.

Injiniya Bashir: Yana aiki, amma ka san halinsa. Yana ajiye user.config a wata folda mai dogon suna a AppData, kuma a cikin hanyar akwai lambar sigar manhajar. Ka fitar da siga ta gaba, ya buɗe sabuwar folda, saitin ya koma kamar ranar farko, sai in ka kira Upgrade da kanka. Ko wurin manhajar ka canza, sunan foldar yakan canza. Ga wanda zai riƙa yawo da gyara a filashi daga ofis zuwa ofis, gara fayil ɗinsa na kansa mai suna ɗaya a wuri ɗaya.

Nura: Na koyi abu. Ni dai a Linux abin ya fi mini tsari. Akwai ƙa'idar XDG: saiti a ~/.config, bayanai a ~/.local/share, abin wucin gadi a ~/.cache. A Mac kuma ~/Library/Application Support. Masu Python suna da platformdirs, masu Qt suna da QStandardPaths, kira ɗaya ya ba ka wurin da ya dace a kowacce.

Sadiya: Waya ma ta yi irin wannan ƙaurar. Daga Android 10 zuwa 11 aka taƙaita wa manhajoji rubutu a ko'ina, shi ya sa mutane suka nemi foldar WhatsApp a inda suka saba suka rasa, ta koma Android/media. In wata rana za ka yi ta waya, Yaya Auwalu, ka tuna saitin cikin manhaja yana tafiya ranar da aka cire ta.

Baba Idi: Ba wanda ya yi zancen wuta. Batirin laftof ta 7 ɗin nan yana riƙewa?

Auwalu: Ya mutu tuni, Baba. Janareta na yin tari take mutuwa. Ta teburin ma haka.

Baba Idi: To kada ka rubuta a kan fayil ɗin kai tsaye. In wuta ta ɗauke a tsakiya, tsohon ya tafi, sabon bai cika ba. Rubuta sabon da wani suna a gefe, ka tabbatar ya sauka a faifai, sannan ka musanya su, ka bar tsohon a matsayin ajiya. In manhaja ta tashi ta ga fayil ya lalace, ta ɗauko na ajiyar.

Injiniya Bashir: File.Replace yana yin musanyar har da ajiye tsohon, Flush(true) kuma shi ke tura rubutun faifai. Rumbun kuma in irin wanda ake kira SQLite ne, an gina shi da tunanin yankewar wuta. Sai abu biyu. In kana son ta yi aiki a XP, a tubalin da manhajar C# take hawa, .NET Framework 4.0 ne iyakarka, 4.5 ba ya hawa. An daina tallafa wa XP tun Afrilun 2014, ta 7 kuma Janairun 2020, don haka ni da zan ce a sauke ta teburin. Na biyu, gwada manhajar da asusu mai suna irin namu, kamar Mu'azu ko Ɗanladi. Alamar ɗaurin nan ta Mu'azu tana karya umarnin SQL, yaren magana da rumbu, in an haɗa shi da hannu, haruffa masu lanƙwasa kuma tsofaffin kira irin na VB6 ba su san su ba, sai hanyar ta lalace.

Auwalu: Ta teburin ba za ta sauku yanzu ba, Injiniya. Babbar firintarmu da ita kaɗai take aiki, kuma ba ta taɓa hawa intanet ba. Zan tsaya a 4.0.

Injiniya Bashir: To a kula da filashin da ake soka mata. Kuma kada ka manta da ƙaura: sabuwar siga in ta tashi karon farko, ta leƙa VirtualStore tukuna, sannan Program Files, ta kwafo abin da ta samu, ta nuna wa mutum ya tabbatar. Kwafa, ba ɗaukewa ba.

Auwalu (bayan kwana biyar): Salam. Na dawo da bayani. Na sami shugaban makaranta, mun zauna da tsohon rijistan maki na takarda. Cikin katunan da aka sake bugawa bara, biyu ne abin ya shafa, mun buga musu na daidai, ni da kaina na kai wa ɗaya gida, ɗayan yana Kano an ba yayansa. Manhajar kuma yanzu tana tambayar suna a ƙofa, kuma sunan malami da ajinsa suna fitowa da manyan baƙaƙe a sama, saboda maganar Malama Zainab. Makin ci ya koma rumbu, kowane zango da nasa, shugaban makaranta kaɗai ke buɗe wurin. A AppData babu komai sai hanyar rumbu da sunan firinta. Na zare wayar wuta sau shida tana tsakiyar ajiya, ta tashi lafiya duk shidan.

Abin da ban warware ba, kwamfutocin uku kowacce da rumbunta, da filashi nake haɗa su, kuma ina tsoron ranar da zan ɗora tsoho a kan sabo.

Malama Zainab: Kafin ka samo dabara, ku tsayar da laftof ɗaya a matsayin uwa, a nan kaɗai ake shigar da maki. Ta ofis bugawa kawai. Mu haka muke yi. Kuma in ka gama zangon nan da ita lafiya, ina so mu gwada ta a wurinmu.

Auwalu: Da yardar Allah, Malama. Zan sa ta rubuta ranar da aka yi gyaran ƙarshe a fuskar farko, don a gane wanne ne sabo.

Malam Habu mai gyara: A wanne faifai ka sa rumbun a sabuwar?

Auwalu: Ba a raba ta ba, Malam Habu. Yana takardun gama-gari tukuna.

Malam Habu mai gyara: Kawo ta in raba maka, amma ban da Alhamis, ina kasuwar Maigatari. Ka fara kwafe rumbun a filashi biyu kafin ka taso, ɗaya ka bar shi a ofis. Ka zo da cajarta.